Waƙar da Ba a Sa wa Ganga

"Makaɗin otal! Felisa, duk mazan da ke garin nan na Hopkins ki rasa wanda za ki kwaso mana sai makaɗin otal?"

Inna Bernadina ce, yayar mahaifiyata, take wannan faɗan, hannunta bai daina gurzar rogo ba. Tun ranar da Crispin ya turo kawunsa neman aurena, wata uku ke nan, da wannan karatun nake karya kumallo, da shi nake kwanciya.

Shekarata ashirin da tara, ina koyar da 'yan aji huɗu a firamare, amma a wurin Inna har gobe ni yarinya ce da ba ta san inda ke mata ciwo ba.

Na ce, "Inna, kiɗa dai sana'a ce. Kakanmu ma ai makaɗi ne."

Ta dangwarar da rogon, ta watso mini harara.

"Kar ki ƙara haɗa ubana da wannan yaron. Ubana a ɗakin kakanni ya buga ganga, ƙafarsa ba takalmi. Da guguwa ta share tsohon gari, abu biyu ya ɗora a kwale-kwale ya kawo nan, ginshiƙin ɗaki da gangarsa. Lokacin ba titi, ba lantarki, ba Bature ko ɗaya a kan yashin nan. Shi kuwa naki fa? Ya zura rigar furanni, ya washe haƙora, wata tsohuwar Baturiya da rana ta gasa kamar jatan lande tana karkaɗa masa ƙugu. Tir!"

A nan kam ba ƙarya ta yi ba. Otal-otal sun cinye gaɓar kudu, sun cinye ta arewa, sun bar mu a tsakiya. Muna yara in aka ji ganga sai a tambaya wa ya rasu. Yanzu in ka ji ganga ka san yau Alhamis ce, ana yi wa baƙi wasa kafin abincin yamma. Ni ma abin yana ƙona mini rai.

Amma Crispin daban yake a wurina. Shi ya ɗauki gaban akwatin gawar Mama. Bayan an watse, kowa ya koma harkarsa, shi ne yake zuwa ya zauna kusa da ni a bakin teku, ba ya cewa in yi haƙuri, ba ya cewa komai, sai na gama kukana ya rako ni gida. Ta yaya zan bayyana wa Inna wannan?

Ta ci gaba, "Ga Mista Leopold, shekara ashirin yana dafa abinci a jirgin ruwa, ya gina bene, mutum mai kamala. Me ya rasa?"

A raina na ce gashin kai da kunya, amma ban furta ba.

"To ki buɗe kunnenki. Jibi Juma'a mata za su zo ki koya musu waƙar uwarki. Asabar a yi addu'ar cikarta shekara, a rera mata. Lahadi kawunnanki su zauna a kan maganarki, a yi ta ta ƙare. Na gaji."

Waƙar nan ita ce duk abin da Mama ta bar mini da ya fi ƙarfin a sa shi a akwati. Shekara tara da suka wuce yayana Anselmo ya fita kamun kifi, teku ba ta dawo da ko hularsa ba. Bayan wata shida waƙar ta zo wa Mama a mafarki, kamar yadda irinta take zuwa wa matanmu. Abaimahani ake kiran irinta, waƙar da mata ke jeruwa su sarƙe ƙananan yatsunsu da na juna, su riƙa kaɗa hannuwa a hankali suna rerawa. Ko yaron goye a garin nan ya san ba a sa mata ganga.

Mama ba ta taɓa rera wa kowa ita ba sai ni. Ko Inna ba ta taɓa ji ba. Ta ce, "Ki riƙe mini ita. Ran da na cika shekara a ƙasa, ki ba mata su rera, in na ji zan san ni da ɗana ake nufi."

Abin da ban faɗa wa Inna ba shi ne, na taɓa rera wa Crispin. Wata yamma ce da kewar Mama ta shaƙe ni, na rasa inda zan sauke ta. Ya saurara har hawaye suka zubo masa. Ya ce in ƙara. Na ƙara.

*

Ranar Alhamis da la'asar Mista Leopold ya faka motarsa a ƙofar gidanmu. Turarensa ya riga shi shigowa, kamar kullum.

"Inna, barka da hutawa. Tica Felisa, ya yara?"

"Lafiya," na ce, ban ɗago ba.

"Na ce kafin hidimar Asabar ta taso, bari in fitar da ku ku ɗan sha iska. Na kama mana tebur a otal ɗin kudu."

Inna da ta shekara goma tana tsine wa otal, sai ga ta ta shige ɗaki ta fito da rigar zuwa coci da hular da ta yi wa kanta alkawarin ba za ta sa ba sai ranar Kirsimeti.

Na san Crispin a can yake wasa. Na ɗauka Mista Leopold so yake ya nuna wa Inna shi cikin rigar furanni, a yi mini dariya. Na ce a raina, to sai me? A je a gani, mai neman abincinsa ba ya jin kunya.

Rana ba ta faɗi ba muka isa. Aka zaunar da mu can baya, kusa da wani ginshiƙi. Aka kawo mana dakakkiyar ayaba da miyar kwakwa a wani ɗan kwano kamar na ba kyanwa madara, an soka fure a kai. Inna ta ɗanɗana, ta taɓe baki, ta ce wanda ya dafa wannan bai taɓa ganin uwarsa tana girki ba.

Can sai ga su sun hau dandamali, su huɗu. Crispin ya rungumi ƙaramar ganga tsakanin gwiwoyinsa. Bai gan mu ba. Suka yi waƙoƙin da kowane otal ke yi, Turawa suna ta ɗaga wayoyi. Har na fara sakin jiki, don ko maƙiyinsa ya san hannun Crispin ba na wasa ba ne.

Sai ya jawo makirfo, ya ce da Turanci, baki har kunne, "Yanzu ga sabuwa fil, ba inda za ku ji ta sai nan! Labarin wani kyakkyawan saurayi ne da mata ke jira a bakin teku. Ina gwanayen rawa? Duk wadda ta fi iya juya ƙugu, kwalbar giya tata ce. In na ce Anselmo, ku ce Selmo! Selmo!"

Cokalin ya tsaya a hannuna.

Mata shida suka fito, da wani ƙaton mutum mai gajeren wando da tumbinsa ya riga shi hawa dandamali. Ganguna suka ɗauka da gudu. Da farko ban gane ta ba, saboda saurin da aka sa mata. Sai kalmomin suka fito daga bakinsa, da harshenmu, ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ya canza.

"Anselmo, na hura wuta, na kashe wuta,
Kifinka bai iso ba.
Teku, ke da ba ki san naƙuda ba,
Me za ki yi da ɗan wata?"

"Selmo! Selmo!" in ji Turawa, kowa yana tura ƙugu gaba.

Na danne bakina da hannu. Mai tumbin ya juya wa jama'a baya yana karkaɗawa, ana shewa, ana tafi, a kan daidai wurin da muryar Mama take karyewa ta tsaya ta haɗiyi yawu.

Masu rabon abinci duk 'yan garinmu ne. Na ga sun daskare da faranti a hannu. Ɗaya daga cikinsu, wadda suka yi aji ɗaya da Anselmo, ta ajiye tiren a ƙasa ta juya ta shige kicin.

Inna ba ta taɓa jin waƙar ba, amma ciki ɗaya suka fito da mai ita. Ta cire hularta a hankali ta ɗora a cinya.

"Wannan bakin Tomasa ne," ta ce. Sunan Mama ke nan.

Ta juyo ta dube ni. "Wa ya ba shi?"

Na sunkuyar da kai. Amsar tana zaune a gabanta.

Mista Leopold ya goge bakinsa da adiko, ya gyara zama.

"Ni ma makon jiya na ji, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce in na faɗa za a ce kishi ne, gara ku ji da kunnenku." Ya ɗaga hannu ya kira mai rabon abinci. "Inna, a kawo miki abin sanyi?"

Na dube shi. Kwana bakwai yana ɗauke da wannan abu a cikinsa, yana zuwa gidanmu yana gaishe mu, yana jiran ranar da zai ja tsohuwa mai hawan jini ya zaunar da ita ta kalli ana rawa a kan gawar ɗan ƙanwarta. Har da kama tebur. Ban taɓa jin ƙyamar ɗan Adam irin ta wannan lokacin ba, sai da na tuna akwai wanda ya fi shi a kan dandamali.

*

A bayan kicin na tare Crispin, wurin da suke tara shara. Ƙarnin kifi da ƙudaje, wurin ya dace da maganar.

Yana ganina ya sha jinin jikinsa.

"Felisa... yaushe kika zo?"

"Tun kafin kyakkyawan saurayin da mata ke jira."

"Tsaya in yi miki bayani."

"Mace ɗaya ce ta jira shi, Crispin! Shekara takwas tana fita bakin ruwan nan da asuba, har ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Ita ka mayar 'yan mata? Ita ka sa wa kwalbar giya?"

Hawaye suka ɓalle mini, na ji haushin kaina da na bari ya gani.

Ya ce, "Don ke na yi, na rantse da kabarin uwata. Manaja ya ce duk waƙoƙinmu kowane otal na da su, in na kawo wadda ba kowa ke da ita ba zai ɗauke ni aiki na dindindin. Lahadi kawunnanki za su zauna. Me zan ce musu? In ce ni ɗan Alhamis ne, ranar da ba baƙi ba abinci? Kullum Inna tana kirana mara aikin yi, ke kina ji. Na so in shigo gidanku da takarda a hannu."

"Sai ka shigo da ita a kan bayan Anselmo."

"Ba sa jin harshenmu, Felisa! Ba su san me take cewa ba."

"Masu ɗaukar faranti fa? Su ma Turawa ne? Kai fa? Kai ba ka ji? Ba kai ka yi kuka ranar da na rera maka ba?"

"Na yi kuka, don ta taɓa ni. Shi ya sa ma na ga bai kamata waƙa irin wannan ta ƙare a bakin tsofaffi goma a tsakar gida ba. Yanzu sunan yayanki zai zaga duniya. Mama da tana raye..."

"Kar ka kuskura! Kar bakinka ya sake kiran sunanta."

Ya ja da baya.

Na ce, "Kakarka mai abaimahani ce. A cinyarta ka girma. Ka taɓa ganin an sa wa irin wannan ganga?"

Ya sunkuyar da kai. "A'a."

"Ka san Asabar za a rera mata ita karon farko?"

"Na sani."

"Sau nawa ka yi?"

Ya kau da kai.

"Crispin, sau nawa?"

"Yau na uku."

Alhamis uku. Ranar Lahadin da ta wuce ya zauna kusa da ni a coci, ya riƙe mini littafin waƙa, alhali ya riga ya yi sau biyu. Wayoyi nawa suka ɗauka? Tana can ƙasashen da ban san sunansu ba, ana nuna wa abokai ana dariyar mai tumbi.

Ya durƙusa a cikin ruwan wankin kifin nan, ya kamo hannuna da nasa biyu, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Ki yafe mini. Zan daina, yau ɗin nan zan gaya wa manaja. In ya so ya kore ni. Felisa, in kika bar ni ban san inda zan sa kaina ba. Ki tuna zamanmu a bakin teku."

"Shi nake tunawa. Ina ta tambayar kaina, lokacin da kake hawayen nan, kuka kake ko ƙirga bugun ganga kake?"

"Haba, Felisa! Haba!"

Hannuwan nan da nake kallo in ji sanyi a raina, yau jiƙe suke da gumi, tafinsu da zafin fatar ganga. Tsigar jikina ta tashi. Na fizge nawa na goge a jikin siket. Abin da ya fi ba ni takaici, ko a lokacin wani ɓangare na zuciyata cewa yake in ɗaga shi, gwiwarsa tana cikin ƙazanta. Na tsani wannan ɓangaren.

Na bar shi a durƙushe.

A wurin ajiye motoci Mista Leopold ya buɗe mini ƙofar gaba, Inna tana zaune a baya kamar gunki.

"Tica, shigo. Kar ki damu, kuskure kowa na yi. Ni ba mai tuna baya ba ne."

Na ce, "Mista Leopold, da ka zo gida ka faɗa mini a kunne tun makon jiya, da ba a yi na yau ba. Ka bari aka ƙara don ka samu abin nunawa. Ka kai Inna gida lafiya. Ni ko benenka ya kai sama bakwai, ba zan taka matakalarsa ba."

Na cire takalmina na bi ta yashi.

*

Na shirya wa faɗan Inna, amma ko kallona ba ta yi ba. Ta rataye rigar cocinta, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari Juma'a da hantsi mata suka fara shigowa, su goma sha ɗaya, ƙawayen Mama da 'yan uwa. Ba wadda ba ta ji labari ba, a garin nan magana ba ta kwana. Suka zazzauna a ƙarƙashin mangwaro, ana gaisawa sama-sama, ana satar kallona.

Crispin kuwa tun da gari ya waye yake tsaye a bayan shinge, ba rigar furanni, idanunsa sun kumbura. Ba wanda ya ce masa shigo, ba wanda ya ce masa tafi.

Wata tsohuwa, Goggo Isidora, wadda ita ke jan baƙi a duk waƙar mata, ta gyara murya.

"Bernadina, mu faɗi gaskiya. Waƙar da aka zubar a gaban mashaya, aka yi mata rawar ƙugu, da wane baki za mu miƙa wa Tomasa ita? A nemi wata tsohuwa a rera mata kawai."

Wasu suka gyaɗa kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta miƙe, ta dafa gwiwa.

"Abin da yaron can ya buga ba waƙar ƙanwata ba ce, haushin kare ne da kalmominta a ciki. Ta gaskiyar tana nan inda Tomasa ta ajiye ta." Ta nuna ƙirjina. "Yarinyar nan ta yi wauta, kuma za mu yi wannan maganar ni da ita. Amma daga bakin uwarta ta karɓa. In ta ba mu ita yadda aka ba ta, gobe za mu rera, kowa ya mutu don haushi. Ku tashi."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Matar da na ɗauka za ta fara jifana, ita ce ta tsaya mini.

Suka jeru. Inna ta tsaya a damana, ta sarƙe ƙaramin yatsanta da nawa, Goggo Isidora a haguna. Hannuwa suka fara kaɗawa a hankali, gaba, baya. Tsakar gidan ya yi tsit, sai ƙarar teku daga nesa.

Na rufe ido, na nemo Mama a bakin murhu, na buɗe baki.

"Anselmo, na hura wuta..."

Selmo! Selmo!

A cikin kaina na ji shi, ba a waje ba. Na yi tuntuɓe, layi na biyu ya fito da gudu, ya wuce kaɗawar hannuwan. Na tsaya.

"Sake, 'yar nan," in ji Inna a hankali. "Ba sauri ake ba."

Na ja numfashi, na sake. Na riƙe layin farko da ƙarfi kamar mai jan akuya. Na shiga na biyu. Ina isa wurin teku, wurin da muryar Mama take karyewa, na laluba in ji ta, sai na tarar da gangar Crispin zaune a wurin.

Goggo Isidora ta daina kaɗa hannu. Na buɗe ido na ga ƙasa take kallo. Na bi idonta.

Ƙafata ce. Diddigena yana dukan ƙasa, ɗaya biyu, ɗaya biyu, daidai da bugun jiya.

Na take ta da ɗaya ƙafar, na sake ɗaukowa daga farko, ina kuka ina rerawa. Sau ɗari Mama ta rera mini waƙar nan, sau ɗaya tak na ji ta Crispin. Na kira muryarta, na roƙe ta, ba ta zo ba. Ƙafar ta ƙwace ta ci gaba da bugawa.

Inna Bernadina ta zare yatsanta daga nawa, ta juya ta kalli bayan shinge inda Crispin yake tsaye.

"Ga shi can," ta ce. "Je ki ce ya dawo miki da waƙar uwarki, in ana dawo da irin wannan."